Daminar da Na Hana Ki Nono

Dasashin kyanwarmu Toka ne ya fara gaya mini akwai abin da ba daidai ba. Da safe ne, an kwana ana ruwa, na durƙusa a bakin madafa na buɗe bakinta da yatsa don in ɗura mata madara da cokali, tunda ta daina kula abinci. Na sha ganin bakin kyanwa in tana hamma, ja ne kamar cikin kankana. Nata ranar fari ne fat, kamar tumbin kifi. Ban gama mamaki ba ta fizge kai ta kafa mini haƙori a babban yatsa. Jini ya fito. Na tsotse wurin na tofar, na goge da bakin zane, na koma ɗaki don kin tashi kina kuka. Da hannun nan na ɗauke ki na ba ki nono. Watanki huɗu a duniya.

Yanzu da nake wannan rubutu kina tsakar gida kina bin kaji da gudu, ƙafafunki duk taɓo, amma ni har yau ban manta daminar bara waccan ba. Na san garinmu. Wata rana a gidan biki wata za ta dube ki ta ce, ai ke ce uwarki ta hana nono kina jaririya, kuma ba za ta tsaya nan ba, za ta ƙara da nata. Wasu sun ce ciki na yi a kanki. Wasu sun faɗi abin da ya fi haka muni, a kaina da a kan babanki. Shi ya sa nake so in kin iya karatu ki fara jin labarin daga wurina.

A gidan kakarki aka haife ki, nan Madarumfa, gidan da in kin tsaya a ƙofa kina hango ruwan tabki ta tsakanin itatuwa. Inna muke ce mata duka, har babanki. Sana'arta banda. Da sassafe take sayen kifi wurin masunta, ta fafe shi, ta jera a kan waya bisa hayaƙi, ranar kasuwa a kai Maradi. Gidan da ake banda kuwa ɓeraye ba sa barinsa, saboda haka kyanwa a wurin Inna ba abin wasa ba ce, ma'aikaciya ce. Biyu ne muke da su: Toka, mai launin toka kamar sunanta, da ɗanta Gajere da ya girma har ya fi ta jiki. Mussa Inna take ce musu, kamar sauran tsofaffinmu. Kuma tun ina amarya ta koya mini cewa bakin mussa tsarkakakke ne, ruwan da ta sha ana alwala da shi, abin da ta lasa ba a zubarwa. In Toka ta sa baki a ƙwaryar fura, Inna sai ta kore ta da ludayi, ta juya furar, ta miƙo mini. Na sha, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Toka na lasar yatsuna in na gama gyaran kifi, tana kwana a ƙarshen gadona, wurin ƙafafuna. Babanki direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, hanyarsa ta Ɗan Issa zuwa Najeriya, in ya tafi ba a san ranar dawowarsa ba, don haka mafi yawan lokaci ni ce da Inna da ke da kyanwoyin nan biyu.

Tun bazara Toka ta fara lalacewa. Ta yi ɓarin ƴaƴa a bayan rumbu, gashinta ya tashi ya daina sheƙi, idonta na ruwa, ƙashin bayanta ya fito ana ƙirgawa. Inna ta ce tsufa ne, ko kuma ta ci ƙadangare mai dafi. Ranar da ta cije ni ce na ga abin ya wuce haka, sai na leƙa ta katanga na kira Rifkatu.

Rifkatu ɗiyar Mama Saratu ce, maƙwabtanmu, Kiristoci ne, katanga ɗaya ta raba mu. Benci ɗaya muka zauna da ita a koleji. Ni na tsaya a aji na huɗu na yi aure, ita ta wuce har ƙasar waje tana karatun likitan dabbobi. Daminar nan ta zo hutu da wani ɗan akwati mai sanyi, tana bi gida gida tana ɗibar jinin kyanwoyi, wai binciken da za ta gama karatu da shi ke nan. Gari ya sami abin dariya. Ta shigo da hantsi, akwatin a kafaɗa, Inna na zaune a tabarma ke kina kan cinyarta.

"Ke Rifkatu," in ji Inna, "duk shekarun nan da kika yi a ƙasar mutane, mussa aka koya maki? Ɗiyan wasu na duba shanu da raƙuma."

"Inna, in babu mussa ai ɓera ne zai riƙa kai maki banda kasuwa."

"Ji ta! Bakin nan naki dai bai je makaranta ba."

Rifkatu ta naɗe Toka a tsohon zane, kai kawai a waje, ta sa na riƙe. Na ɓoye yatsan da ta ciza a cikin zanen, ban ma san dalili ba, kila don kada Inna ta yi mini faɗan sakaci. Rifkatu ta aske ɗan gashi a ƙafar gaba, ta zuƙi jini kaɗan da allura, ta ɗiga a kan wani farin abu na roba mai ƴar taga, irin wanda ake gwada zazzaɓin cizon sauro da shi a likita, wato asibiti, irin kuma wanda aka gwada ni da shi lokacin awon cikinki. Ta kama Gajere da ƙyar ta yi masa haka. Ta ce layi ɗaya lafiya, layi biyu akwai cuta. Muka zuba wa robobin ido. Na Gajere layi ɗaya ya fito ya tsaya. Na Toka layi na biyu ya taso a hankali har ya yi duhu.

Rifkatu ta daina wasa. Ta ce wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana shiga jini da ɓargo, ta rage jinin, shi ya sa dasashin ya yi fari, ta kuma karya garkuwar jiki yadda ƙaramin ciwo zai kayar da kyanwa, wani lokaci har ta kai ga sankarar jini. Ta faɗi sunanta da Faransanci. Sannan ta juyo wurina, tunda ni ce na yi makaranta, ta ce:

"Kin tuna darasin sida, cutar ƙanjamau, Zuzu? Dangi ɗaya suke wurin yadda suke aiki a jiki, sai dai wagga ta kyanwoyi ce. Ta miyau take bi. In suna lasar juna, in suna cin kwano ɗaya, in ɗaya ta ciji ɗaya. Uwa kuma tana ba ɗanta tun a ciki, ko ta nono."

Ta ci gaba da bayani, ina jin muryarta kamar daga bayan gida. Babu maganin da ke kashe ƙwayar, amma ba dalilin kashe kyanwa ba ne, wasu suna yin shekaru in an kula da su. A raba Toka da Gajere, kowa da kwanon abincinsa da na ruwa, a riƙa wankewa da sabulu, don ƙwayar ba ta da ƙarfi in ta bar jiki. Kada a bar Toka tana yawon unguwa, don kada ta ba kyanwoyin mutane, kada kuma ta kwaso wani ciwon. A ba ta dafaffen abinci, ban da ɗanyen kifi. Ta bar maganin tsutsa da wani na ciwon baki, ta nuna yadda ake bayarwa. Ta ce bayan wata biyu a sake gwada su duka biyun, don gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, za ta bar wa wani abokin aikinta a Maradi saƙo.

Duk wannan lokacin tambaya ɗaya ce a bakina: mutum fa? Jaririyar da ke shan nonon wadda aka ciza fa? Ban yi ta ba. Ke da za ki girma a wani zamani kila ba za ki gane ba, bari in gaya miki. Ke ɗiyar fari ce, kuma sunan Inna aka sa miki. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, ba ta nuna ta damu da shi. In kin yi tari a gaban Inna, ni sai in kau da kai kamar ban ji ba, ita ce za ta ce a duba ki. Da haka ake gane ɗiyar gidan mutunci. Yaya zan buɗe baki a gaban surukuwata in ce ɗiyata fa, nonona fa? Na ce a raina bari in raka Rifkatu zaure in tambaye ta mu biyu. Sai Inna ta miƙe da ke a kafaɗa, ta ɗauko banda a leda, ta raka ta da kanta har ƙofa tana sa mata albarka. Baban Rifkatu kuwa yana waje a kan moto, wato babur, yana jira, ranar za ta kama motar Yamai, daga can ta koma makaranta. Ta ɗago mini hannu ta ce in gai da mai gida. Na tsaya a bayan Inna da yatsana a dunƙule har ƙarar moton ta ɓace.

Na ji ta sarai da ta ce ta kyanwoyi ce. Ban manta ba, kuma ban yi mata mummunar fahimta ba. Amma ni ma na yi karatu, rabin karatu. Na san haukan kare daga kare yake shiga mutum. Na ga shekarar da aka hana mu taɓa matattun kaji saboda murar tsuntsaye. Korona da ta rufe mana makaranta an ce daga dabba ta fito. Mushen, wato malamin, da ya koya mana ilimin halittu kuma ya taɓa cewa ita kanta sida a jikin biri ta fara. To in ta kyanwoyi ce yau, wa ya ce a jikina ba za ta zama ta mutane ba? Na fara lissafa ƙwaryar fura, lasar yatsu, cizon safe da na tsotse da bakina. Duk hanyoyin da Rifkatu ta lissafa na bi su, saura ɗaya, kuma wannan ɗayar a ƙirjina take.

Da azahar kika tashi da yunwa. Na ɗauke ki na shiga ɗaki na zauna a bakin gado na fitar da nono kamar kullum. Ɗigo ɗaya ya tsaya a kai, fari, kin buɗe baki kina neman sa. Na dube shi na ga layi biyu. Na mayar da rigata. Kika tsaya kina kallona, don ba ki taɓa ganin haka ba, sannan kika fasa kukan da har yau ban ji irinsa ba.

Inna ta ɗaga labule. "Takwara na kuka, ke ba ki ji ba?"

"Nonon ba shi da kyau, Inna."

"Wa ya ce maki?"

"Haka nake ji a jikina."

Ba ta yi gardama ba. Ta ɗauko ƙaramin ƙoƙo ta ce in tatsa. Ta fita gindin katanga ta kamo tururuwa guda ta saka a ciki. Haka aka gwada nonon uwarta, haka aka gwada nata: in tururuwa ta mutu a ciki nono ya ɓaci, in ta fita lafiya lau ne. Muka sunkuya mu biyu a kan ƙoƙon nan kamar yadda muka sunkuya a kan robar Rifkatu da safe. Tururuwa ta yi iyo, ta kama gefe, ta hau, ta sauka ƙasa ta yi tafiyarta.

"To kin gani. Ba ta."

Na sunkuyar da kai ban motsa ba. Tururuwa ba ta san ƙwayar da ido ba ya gani ba, amma wannan ma ba zan iya faɗa ba, don in na fara sai na kai ga kalmar sida, kuma ɗanta direba ne mai kwana a tashoshi. Na san in kalmar nan ta fita daga bakina a gidan nan, kafin magariba ta kai bakin tabki, kuma ba wanda zai tuna da kyanwa. Inna ta daɗe tana kallona. A zamana da ita ban taɓa ƙin bin maganarta ba. Ta karɓe ki ta goya, ta fita neman nonon akuya.

Kwanakin da suka biyo baya ba na iya jera su. An tafasa miki nonon akuya kin ƙi. An dama kunu mai ruwa ruwa kin furzar. Na sayo madarar gwangwani da bibiro, wato kwalbar shayar da jarirai, a farmasi, kika yi ta ture shi da harshe, da yunwa ta ci ƙarfinki kika karɓa. Ni kuwa ƙirjina ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, rigata kullum a jiƙe, in kika yi kuka sai ya tsattsafo da kansa. Sai in zagaya makewayi in tatse shi a ƙasa in rufe da yashi don kada kaji ko Gajere su taɓa. Ina tatsa ina jin kukanki ta katanga. Na daina sumbatar ki ko da ba kowa a ɗakin. Na ware kofina da cokalina na ɓoye a ƙarƙashin gado. Na buga lambar Rifkatu ban san sau nawa ba, a kashe, ta bar ƙasar. Babanki ya kira daga hanya ya ce yaya gida, na ce lafiya lau, ya ce yana jin kukan yarinya, na ce zafi ne.

Toka kuma tana ɗakin ajiya, inda muke tara buhunan hatsi. Wani maƙwabci ya ce a sa ta a buhu a kai ta bayan tabki a yar, Inna ta ce ba a gidanta ba, dabbar da ta yi mata gadi shekaru ba za ta tashi da alhakinta ranar lahira ba. Ni ce mai kai mata abinci. Nakan sa leda a hannu biyu, in dafa mata kifi in cire ƙaya, wani lokaci ƙwai, in goge mata ido da ruwan ɗumi, in ɗura mata maganin Rifkatu. Ina yi ina jin haushinta, ina kuma jin tausayinta, don ita ma ba ta san abin da ke jikinta ba lokacin da take lasar ƴaƴanta. Gajere yakan kwanta a bakin ƙofar yana kuka, ita tana amsa masa daga ciki. Abin mamaki, a kwanakin ta fara cin abinci, ta fara gyara gashinta. Ta yi fiye da shekara bayan haka. Gwaji na biyu ya sake nuna layi biyu, na Gajere ɗaya, kuma a rabe suka zauna har ta mutu. Amma a lokacin ina ganin ita tana farfaɗowa, ke kina ramewa.

Zawo ya kama ki. Damina ce, ruwan rijiya ya gurɓace, ƙuda ko'ina, ni kuma ban iya wanke bibiro yadda ya kamata ba. Idonki ya faɗa, maɗigarki ta lotsa, kukan ma ya koma ƙarami kamar na ɗan akuya. Na goya ki na tafi likita. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya haɗa miki ruwan gishiri da sukari ya ba da ƙwayoyi, sannan ya tambaya sau nawa kike shan nono. Da na ce ba kya sha, ya ajiye biro. A nan ne na fara faɗa wa wani gaskiya, ƙasa ƙasa, ina kallon ƙofa. Ya duba yatsan, ya wanke, ya yi mini allura, ya shigar da ni ƙaramin ɗaki ya gwada jinina. Layi ɗaya.

"Ba ki da komi, malama. Ki koma ki ba ɗiyarki nono, shi ne maganin zawon nan."

"Wannan gwajin na cutar mutane ne. Ta kyanwa fa?"

"Ni ban karanta cutar kyanwa ba. Amma ban taɓa jin ta kama mutum ba."

"Za ka rantse?"

Ya girgiza kai. Mutumin kirki ne, bai so ya yi mini ƙarya. Ya ce ba zai rantse a kan abin da bai karanta ba, amma shawararsa in ba ki nono. Na fito da rashin rantsuwar kawai a kunnena. Na kuma tuna an koya mana cewa irin wannan ƙwayar tana iya ɓuya watanni kafin gwaji ya gan ta. Matan da ke layin awo sun ga ɗakin da na shiga, sun ga bibiro a hannuna. Kafin in iso gida labari ya riga ni.

Washegari bayan la'asar Mama Saratu ta shigo. Ta gai da Inna a wurin banda, ta ce ta zo duba jikin yarinya, ta wuce ɗakina ta saki labule. Kina kwance a kan gado ba kya ko motsi sosai. Ta taɓa maɗigarki, ta dube ni.

"Zuwaira, ni ba surukuwarki ba ce. Tun kina zuwa gidana cin ƙosai da Rifkatu na san ki. Abin da na ji a bakin rijiya yau ba zan maimaita shi ba. Mi ya faru?"

Na miƙa mata yatsana. Wurin ya riga ya warke, ɗan tabo ne kawai. Na fara magana sai kuka ya ƙwace mini, na faɗi komi a hargitse, furar, cizon, layi biyu, nonon da nake binnewa a makewayi. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ya Ubangiji!" Ta kwance bakin zane ta fito da wayarta, ta kira ɗiyarta ta intanet, ta buɗe muryar yadda zan ji. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Mama, ina cikin aji, lafiya?"

"Fito. Ga Zuwaira. Cutar mussar nan da kika gwada, tana kama mutum?"

"Mutum? A'a. Mi ya kawo wannan?"

Na karɓi wayar. Na ce Toka ta cije ni har jini ya fito, tun safiyar ranar da ta zo. Na ce na sha abin da ta lasa. Na ce ina shayarwa.

"Zuzu, ba ta kama mutum. Ko ta cije ki sau ɗari. Ƙwayar ba ta rayuwa a jikin ɗan Adam, an daɗe ana bincike, likitocin da ke aiki da irin kyanwoyin nan kullum ana cizonsu. Ni kaina sun cije ni. Toka na nan da rai, tana ci tana sha? To ba ciwon hauka irin na kare ba ne ma. An wanke ciwon? Shi ke nan."

"Kin ce dangin sida ce."

"Na ce ta kyanwoyi ce!"

"Kin ce tana bi ta nono."

"Nonon kyanwa, zuwa ɗan kyanwa!" Sai ta tsaya. Na ji numfashinta ya canja. "Zuzu. Ina yarinyar? Kina ba ta nono?"

Mama Saratu ce ta amsa mata. Na ji Rifkatu ta yi wata ƙara, ta ce wani abu da Faransanci, sannan ta fashe da kuka a can ƙasar mutane, tana cewa me ya sa ban tambaye ta ba, tana tsaye a gabana, kalma ɗaya ce. Na ce Inna na wurin. Nan take ta gane, don ita ma a garin nan ta girma.

"Za ki rantse?" na ce.

"Na rantse da Allahn da ya yi ni ya yi ki. Lafiyarki lau. Nononki lafiya lau. Tun ranar lafiya lau yake."

Labule ya motsa. Inna ce a tsaye, hannunta duk baƙin hayaƙi, ban san tun yaushe take wurin ba. Ta dube ni, ta dubi gadon.

"Don ina zaune ne kika yi shiru?"

Na sunkuyar da kai. Ta goge hannu a zane, ta ɗauko ki da kanta ta ɗora mini a cinya, ta janye mini riga kamar ranar da aka haife ki.

Kin ƙi. Kika kau da kai, bakinki ya saba da roba. Na matsa ɗigo a leɓenki, ya gangara ta kumatu. Na sake. Rifkatu na ta cewa mi ake ciki, ku gaya mini, kada ku kashe wayar. Mama Saratu na addu'a irin tata, Inna na yin tata. Sai kika lashi leɓe, kika yamutsa fuska, kika juyo a hankali kika kama. Zafin ya ratsa ni har tafin ƙafa.

"Ta kama?" in ji Rifkatu. "Ku sa mini in ji."

Mama Saratu ta kawo wayar dab da wuyanki. Duk muka yi tsit, mu uku a ɗaki da ɗaya a waya, muna sauraron ki kina haɗiya.